Tokar Kwal Cikin Siminti: A Haɗa Ta A Masana'anta, Kada A Haɗa Ta A Bakin Gini

Duk wanda ya bi hanyar Bama daga cikin garin Yerwa har ya iso Mairi, watau unguwar nan da ke maƙwabtaka da Jami'ar Maiduguri cikin Ƙaramar Hukumar Jere, abin da zai fara cin karo da shi shi ne bulo a jere yana shan rana, ga tulin yashi a ƙofar gida, ga kuma rodi a tsaitsaye bisa ginin da bai ƙare ba. A cikin gine-ginen nan akwai na mutanen da ba su ma gari. Wani yana sayar da shanu a Agege, wani yana fama da buhunan albasa a kasuwar Mile 12 ta Ikko, wani yana Sabo ta Badun, wani kuwa busasshen kifi yake kaiwa Anaca. Kowannensu yana tsimi yana tanadi, yana aikowa gida da kaɗan-kaɗan, domin a tayar masa da ɗaki biyu ko uku, ko dai ya zauna in ya komo, ko kuwa ya ba 'yan makaranta haya.

To, mafi yawan kuɗin nan da ake aikowa, siminti ne ke lanƙwame su. Masu karatu ba su manta da farkon shekarar 2024 ba, lokacin da buhu ɗaya ya haura Naira dubu goma a wurare da yawa, har sai da Gwamnatin Tarayya ta kira manyan masu yin siminti a watan Fabrairu, aka yi daidaito a kan Naira dubu bakwai zuwa dubu takwas. Dattawan Ikko kuwa sun tuna abin da ya fi wannan, watau shekarar 1975, sa'ad da jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku ɗauke da simintin da aka yi oda, wajen tan miliyan 20, wani ya sha danshi ya daskare tun bai ga tudu ba. Ashe dai tun ba yau ba siminti yake wahalar da ƙasar nan.

Saboda haka da labari ya bazu cewa a ƙasashen waje ana zuba tokar kwal a cikin kankare, a rage siminti, gini kuma ya yi ƙarfi, ba abin mamaki ba ne in mai gini a Mairi ya miƙe kunne. Maganar gaskiya ce, kuma ya kamata Nijeriya ta kama ta da hannu biyu. Amma fa akwai sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne kan maganar: a yi haɗin nan a masana'anta, bisa awo da gwaji, kada a sake a bar shi a hannun birkila da lebura a bakin gini.

Abin Da Siminti Yake Yi Wa Sararin Sama

Da farko dai sai a san dalilin da ya sa duniya ta damu da rage siminti. Asalinsa dutsen farar ƙasa ne da yumɓu, a niƙa su, a gasa cikin wani ƙaton murhu mai juyawa har zafinsa ya kai wajen digiri 1,450, su dunƙule su zama 'yan ƙwallaye da ake ce wa kilinka, kana a sake niƙawa da ɗan jibsin a zuba a buhu. Wani magini Bature mai suna Joseph Aspdin ne ya yi rajistar irin simintin nan a Ingila cikin shekarar 1824.

A wurin gashin nan ne ɓarna take. Dutsen farar ƙasa da kansa, in ya sha wuta, yakan saki iskar kabon, kimanin rabin tan a kowane tan ɗaya na kilinka. Ga kuma hayaƙin kwal ko gas ɗin da aka hura murhun da shi. In aka tara, tan ɗaya na tsantsar siminti yakan bar wa sama kilo 800 zuwa 900 na iskar nan. Tun da buhu ashirin ke cika tan, ashe kowane buhu mai kilo 50 yana da alhakin wajen kilo 40. Duniya kuwa tana yin siminti kimanin tan biliyan 4 a shekara, shi ya sa masana suka ƙiyasta cewa kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na dukkan iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa daga wannan sana'a take.

Iskar nan ita ce ke tsare zafi a sararin sama, yanayi ya rikice, damina ta ƙi tsayawa kan ƙa'idarta. Mutumin Barno ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan rikicewar yanayi. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya tsuke ya koma kusan ushurinsa bayan farin shekarun 1970 da 1980. A watan Afrilu zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40. Sa'an nan ga daren 9 wayewar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, kogin Ngadda ya shiga gari, ya cinye Gwange da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa, har fadar Shehun Barno bai bari ba. Gwamnatin Jihar ta ce mutanen da abin ya shafa sun kai miliyan ɗaya. Tun kafin wannan ma, binciken da aka yi cikin 2016 ya nuna rikicin Boko Haram ya rushe gidaje kusan miliyan ɗaya a Jihar Barno. Jihar da ke da irin wannan aikin gini a gabanta, tilas ta kula da abin da ake zubawa cikin buhun siminti.

Yadda Toka Take Aiki

Tokar da ake magana a kanta ita ce mai laushin nan da ke tashi tare da hayaƙi a tashoshin wutar lantarki masu ƙona niƙaƙƙen kwal, a tare ta da matata kafin ta fita ta bututu. Ta fi gari laushi, kuma in aka dube ta da madubin ƙara girma sai a ga 'yan ƙwayoyi ne mulmulallu kamar tsakiya.

Amfaninta kuwa ga yadda yake. In siminti ya haɗu da ruwa ya fara kamawa, yakan bar ragowar sinadarin farar ƙasa a cikin kankaren, wanda ba ya ƙara wa gini wani ƙarfin kirki. Ita tokar tana ɗauke da sinadarin silika, shi ne ke kama ragowar nan a hankali, su zama sabon danƙo, su toshe 'yan ƙofofin da ruwa da gishiri ke bi su ci rodi. Bugu da ƙari, mulmulallun ƙwayoyin suna sa kwaɓin ya yi santsi ba tare da an tsuga masa ruwa ba, kuma kankare mai kauri ba ya ɗaukar zafin da zai tsage shi tun yana ɗanye. Bisa al'ada akan musanya kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na siminti da ita. Lissafin a fili yake: in aikin buhu ɗari ne aka rage rubu'i, an tsirar da buhu 25, an kuma hana kimanin tan ɗaya na iskar kabon hawa sama.

Dabarar ba ta yau ba ce. Rumawa sun gauraya tokar dutse mai aman wuta ta garin Pozzuoli da farar ƙasa suka yi gine-ginen da har yau suna tsaye a birnin Rum, bayan shekara kusan dubu biyu. A Amurka, madatsar ruwa ta Hungry Horse da aka gama cikin 1953 ita ce babban aiki na farko da aka zuba wa tokar kwal da yawa. Ƙasar Indiya ta kafa doka cikin 1999 da ta tilasta wa masu yin bulo kusa da tashoshin kwal su riƙa gauraya toka, kuma ga shi ƙasar da ke fitar da toka fiye da tan miliyan 200 a shekara ta kai ga amfani da fiye da kashi 90 cikin ɗari nata. Ingila kuwa ta rufe tasharta ta kwal ta ƙarshe a ranar 30 ga Satumba, 2024, har ta kai kamfanoni a can da Amurka suna komawa tsofaffin jujin toka suna tonowa, su busar, su tace, su sayar wa masu kankare. Abin da aka zubar jiya ya zama hajar kasuwa.

Bahaushe ma ba baƙo ba ne a wannan fage. Magina na dauri sun san laso, wanda ake yi da katsi, watau gurɓin da ke kwantawa a ƙasan karofi, a kwashe, a cura, a busar, a ƙone shi ya zama toka, kana a kwaɓa da dafara da gashin jima. Da shi ake shafe ramukan rini irin na Ƙofar Mata a Kano, da rufin soro, ruwa bai ratsa su. Mutanen Barno su ma sun gasa jan bulo tun zamanin Birnin Ngazargamu. Amma a lura, laso aikin gwanaye ne masu sanin awo, ba kowa ke kwaɓa shi ba. Wannan darasin ne ake bukata yau.

Ina Tokar Take A Nijeriya?

A nan fa sai an faɗi gaskiya, domin kada a yi wa jama'a romon baka. Nijeriya ba ta da tudun toka irin na Indiya ko Sin ko Afirka ta Kudu. An gano kwal a yankin Inugu cikin 1909, aka kafa Hukumar Kwal cikin 1950, tashar Ijora ta Ikko da aka buɗe cikin 1923 da ta Oji River ta 1956 duk sun ƙona kwal a zamaninsu. Amma da man fetur da gas suka samu, jiragen ƙasa suka koma dizal, sai harkar ta durƙushe, tashoshin nan biyu kuma sun daɗe da yin shiru. Tashar megawat 50 da aka buɗe wa Maiduguri cikin watan Maris na 2023, bayan an shafe shekara biyu ana fama da duhu saboda farfasa turakun wuta, da gas take aiki, gas kuwa ba ya barin toka.

Inda kwal ya farfaɗo shi ne wajen masu yin simintin kansu. Masana'antar Ashaka da ke Jihar Gombe, wadda ta fara aiki cikin 1979, kuma ita ce babbar masana'antar siminti mafi kusa da Barno, tana haƙar kwal a Maiganga cikin Ƙaramar Hukumar Akko. Kamfanin Dangote ma yana haƙar nasa a Jihar Kogi. Sai dai kwal ɗin da aka hura cikin murhun siminti, tokarsa can take narkewa cikin kilinka, ba a samunta a ware. Wadda za a iya kwasa ita ce ta tashar lantarki, kamar mai megawat 16 da aka gina a Ashaka domin ta yi aiki da kwal ɗin Maiganga. A Jamhuriyar Nijar ma akwai tashar SONICHAR a Anu Araren kusa da Agadas, wadda take ƙona kwal tun 1981, amma tsakaninta da Yerwa akwai hamada da tafiya mai nisa.

Watau dai tokar kaɗan ce. To, ƙarancinta ba dalili ba ne na a zubar da ita. Hasali ma tara toka a fili haɗari ne, domin tana ɗauke da ɗan abin da ba a rasa ba na guba, irin su dalma da zaiba da arsenik, waɗanda ruwan sama kan wanke ya kai rijiya da rafi. A watan Disamba na 2008, a Kingston ta jihar Tennessee a Amurka, katangar wani tafkin toka ta fashe, laka fiye da kubik mita miliyan 4 ta malala ta binne gonaki da gidaje. In kuwa aka kulle tokar nan cikin kankare, ta daskare ke nan, ba ta da hanyar yawo. Saboda haka ko domin mutanen ƙauyukan da ke zagaye da irin tashoshin nan, ya fi kyau tokar ta shiga buhu da ta kwana a juji.

Amma kada wani ya juya maganar nan ya ce tun da toka na da amfani, sai a yawaita tashoshin kwal. Wannan kashe kaza ne domin a sami gashinta. Ƙona tan ɗaya na kwal yakan fitar da iskar kabon da ta ninka abin da tokarsa za ta tsirar sau da yawa. Nijeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa nan da shekarar 2060 za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi cikin Nuwamban wannan shekara. Abin da ake cewa kawai shi ne, wadda aka riga aka ƙona, a ci moriyarta.

Inda Haɗarin Yake

Yanzu sai a zo kan abin da ya fi shafar mai aiko da kuɗi daga Kurmi. Ranar da labarin toka ya shiga kunnen maginin da ba ya tsoron Allah, ranar ya sami sabuwar hanyar cuta. Zai karɓi kuɗin buhu ashirin ya sayi goma sha biyar, ya cike da tokar gidan burodi ko ta murhun masu tuya, in an yi magana ya ce ai haka Turawa ke yi. Mai gida yana Ikko, hoto kawai ake aika masa ta waya, bango kuma a hoto duk ɗaya ne.

Akwai dalilai uku da suka sa wannan ganganci ne. Na farko, ba kowace toka ce toka ba. Tokar itace da ta gawayin girki daban suke da ta tashar kwal, kuma ko ta kwal ɗin ma sai an auna laushinta, da yawan silikarta, da yawan baƙin da bai ƙone ba, domin na Maiganga kwal ne mai taushi, tokarsa ba lalle ta yi daidai da ta wani wuri ba. Na biyu, mafi yawan simintin buhu da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar nan an riga an gauraya shi da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa tun a masana'anta, bisa iznin ma'aunin Hukumar SON, wanda ya yarda da gaurayen har zuwa kashi 35 cikin ɗari a wani nau'in. Wanda ya ƙara toka a kan wannan ba da awo ba, ya tsinka kunun da aka riga aka tsinka. Na uku, kankare mai toka yana da nawar kamawa. Ƙarfinsa na kwanakin farko bai kai na tsantsar siminti ba, sai daga baya yake kamo shi har ya wuce, kuma wannan ma sai in an yi ta ba shi ruwa. A gari irin Maiduguri, inda rana ke ƙuna, hunturu kuma ke busar da komai cikin yini guda, ga ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, ga magini yana gaggawar kwance katako ya tafi wani aiki, jinkirin nan yana iya zama ajali.

Mazauna Kudu sun ga abin da rashin bin ƙa'ida ke haifarwa da idonsu. Sun ga benen Ita Faji da ya rufta da 'yan makaranta a tsibirin Ikko cikin Maris na 2019. Sun ga mai hawa 21 da ya zube a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe mutum fiye da arba'in. A Jos kuma makaranta ta faɗa wa ɗalibai cikin Yulin 2024, aka rasa 22. Ba toka ce ta kayar da waɗannan ba, amma sun isa su nuna cewa ƙasar da ba ta gama shawo kan masu rage siminti da rodi ba, bai kamata ta buɗe wa kowa ƙofar gauraye-gauraye ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Arzikin Da Ke Ƙofar Gida

Wani zai ce, in tokar kwal kaɗan ce, kuma haɗa ta sai masana'anta, me Mairi za ta samu? Amsar ita ce, abin da tokar kwal ke yi, akwai 'yan'uwanta da ke yin irinsa, kuma Barno na da su. Fadamar Jere, musamman wajen Zabarmari, wurin noman shinkafa ne, ɓuntun da ake tarawa a bayan injinan casa ana cinna masa wuta a banza. Ɓuntun nan in aka ƙone shi a murhu na musamman, da zafin da bai wuce digiri 700 ba, yakan bar toka wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na tokar silika ce. Tsaunukan Biu kuwa tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta, irin ƙasar da Rumawa suka yi gini da ita. Ga yumɓu, wanda in an gasa shi da zafin digiri 800 kacal aka haɗa da farar ƙasa, masana a Suwizalan da Kyuba da Indiya sun nuna yana iya maye gurbin kusan rabin kilinka. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta ƙasa, watau NBRRI, wadda aka kafa cikin 1978, ta ma kafa ƙananan masana'antun gwaji na irin wannan gari a Ota ta Jihar Ogun da Bokkos ta Jihar Filato.

Abin takaici shi ne, tsakanin masu buga bulo na Mairi da ɗakin gwajin injiniyoyin Jami'ar Maiduguri katanga ce kawai, amma kamar tsakanin gabas da yamma. Jami'ar nan tun 1975 take. Ɗalibai a jami'o'in ƙasar nan sun sha rubuta kundi a kan tokar ɓuntu da makamantanta, a ba su maki, kundin ya hau kanta ya sha ƙura, mai buga bulo a bayan katanga kuma yana nan yana matsa wa buhu ɗaya ya haifi bulon da ya fi ƙarfinsa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, masu masana'antar siminti da ke da tashar kwal su tace tokarsu, su gwada ta, su niƙa ta tare da kilinka, su rubuta a jikin buhu da manyan baƙaƙe abin da ke ciki da aikin da ya dace da shi, da Turanci da Hausa. Cikin 2025 kamfanin Huaxin na ƙasar Sin ya sayi mafi yawan hannun jarin Lafarge Africa, uwar kamfanin Ashaka, kuma mutanen Sin sun daɗe da sanin wannan aiki a ƙasarsu. In kuma toka ta rage musu kuɗin gashi, to, ya kamata ragin ya bayyana a farashin buhu, kada ya tsaya a aljihun masu hannun jari.

Na biyu, Hukumar SON da Majalisar Injiniyoyi ta COREN su tsaya kan awo, su riƙa zagaya wuraren buga bulo suna ɗaukar samfur, wanda aka kama yana gauraya tokar da ba a gwada ba a hukunta shi a bainar jama'a.

Na uku, gwamnati ita ce babbar mai sayen siminti a Barno. Ga Ma'aikatar Sake Gina Garuruwa da aka kafa cikin 2015, ga Hukumar Raya Arewa Maso Gabas ta 2017, ga kuma Naira biliyan 80 da Gwamnatin Tarayya ta amince da su cikin 2025 domin gyaran madatsar Alau. Kwalbatoci da magudanan ruwa da harsashin gada, inda kankare ke da kauri kuma yake kwana cikin ruwa, su ne wuraren da siminti mai toka ya fi dacewa, kuma a nan ne ake da injiniyoyi masu sa ido. In aka rubuta shi cikin takardun kwangila, masana'anta za ta yi shi, domin ɗan kasuwa ba ya ƙin ciniki. Gwamna Babagana Zulum, wanda ya hau mulki cikin 2019, injiniya ne da ya koyar a jami'ar nan, ya kuma riƙe ma'aikatar sake ginin, saboda haka maganar ba baƙuwa ba ce a gidan gwamnati.

Na huɗu, jami'a da Kwalejin Fasaha ta Ramat su buɗe ƙofar ɗakin gwajinsu ga talaka. A sa ɗan kuɗi kaɗan wanda mai gini zai biya a matse masa bulo ko curin kankare a gaya masa ƙarfinsa. A kuma kafa murhun gwaji ɗaya na ɓuntu a Jere, a ga abin da zai bayar, kafin a yi maganar babba.

Shi kuwa ɗan Arewa da ke Kurmi yana aiko da guminsa, nasa aikin ba shi da wuya. Ya sayi simintinsa wurin dilan da aka sani, ya sa amintacce ya ƙirga buhunan da aka fasa. Kada ya yarda a zuba wa kwaɓinsa wata toka ko wani gari da bai fito daga cikin buhun masana'anta ba, komai daɗin bakin mai kawo shawarar. Ya ware kuɗin ruwa dabam, a yi ta shayar da bulo da ginshiƙi da linta safe da yamma har kwana bakwai a ƙalla, kada kuma a yi gaggawar kwance katakon dakin. In bene zai hau, ya nemi injiniya mai rajista, domin kuɗin injiniya bai kai kuɗin sake gini ba, balle a yi maganar rai. Ƙungiyoyin 'yan Arewa da sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Shagamu da Sabo suna iya taimakawa wajen yaɗa wannan gargaɗi a tarurrukansu.

Ranar da buhu mai toka ya fito daga masana'anta da tambarin hukuma a jikinsa, a saye shi da gaba gaɗi, domin zai yi wa aljihu sauƙi, ya yi wa gini ƙarko, ya kuma rage wa sama hayaƙi. Kafin ranar nan ta zo, tokar murhu ta tsaya a gona da wankin tukunya inda aka san ta. Allah Ya sa wanda ya yi shekaru yana tara kwabo a bakin teku ya komo Mairi ya tarar da ɗakinsa a tsaye.